Ranar da Bu Nyai Ta Ƙi Kujera

'Yata Muna ta dawo daga birnin Surabaya da kyamara da wani ƙarfe mai ƙafa uku, ni kuma tun daga ranar barcina ya ragu.

Aikinta, yadda ta yi mini bayani, shi ne ta nemo mutanen da suka gyara wani abu a inda suke, ta zauna da su a yi hira, ta ɗauka, jama'a su kalla a waya. Ta nuna mini wasu. Akwai tsohon direban babbar mota da ya mayar da garejinsa ajin karatu don yaran kasuwa. Akwai limami da fada na coci da ke dasa itatuwa tare a bakin teku, suna ta tsokanar juna. Na kalla, ƙirjina ya cika. Ni da na tsaya a firamare, nake tura amalanken bakso, wato romo da curin nama, kwararo-kwararo ina buga cokali a kwano, yau 'yata ce ke yi wa manya tambaya suna tsayawa su yi tunani kafin su amsa. Amma duk waɗannan mutanen nesa ne. In ransu ya ɓaci, a can zai ɓaci.

Sai ta juyo da kyamarar kan gadar ƙauyenmu.

Kowa a nan ya san ba a ƙona kunzugun jariri. In wuta ta taɓa shi, ƙuraje ne za su feso wa yaron a gindi, su yi ruwa, ya kwana yana tsala ihu. A da tsumma ne, a wanke a shanya. Yanzu na kanti ne, mai roba, ba ya wankuwa kuma ba ya ruɓewa. To ina za a kai shi? Sai a ƙulle a leda, a leƙa ta kan gada a sake shi cikin kogi, inda ruwa ke da sanyi, jikin yaro ma ya yi sanyi. Haka kowace uwa ke yi. Muna ta yi makonni tana zama a gindin gadar da sassafe, ta haɗa fim. Ta ce za ta nuna shi a rumfar shanya taba bayan la'asar, tunda ciki da duhu, daga nan kuma ta yi hira da Bu Nyai Masruroh, babbar malamar garinmu, a gaban kowa.

"Nduk," na ce mata, don haka muke kiran 'ya'yanmu mata, "waɗannan matan su suka goya ki."

"Ban nuna fuskar kowa ba, Pak," ta ce, wato baba a wurinmu. "Duk ta baya na ɗauka."

Ta nuna mini a wayarta. Ban kai ko'ina ba na dafe kai. Ga koriyar laima, ga ɗingishin ƙafar hagu. Ko akuyar garin nan ta gani ta san Yu Parti ce. Ita ke riƙon jikanta tun da uwarsa ta tafi aikatau Malesiya, ita ce uwar adashin matan unguwa, kuma bakinta ya taɓa sa wani malamin makaranta ya nemi canjin gari. In Yu Parti ta miƙe a taro ta ce 'yar Sarkawi ta tona wa iyayenta mata asiri, shi ke nan. Babu gidan da zai sake buɗe wa Muna ƙofa, ko a biki ko a zaman makoki. Ni a daina sayen baksona bai dame ni kamar wannan ba.

Magana kuwa ta riga ta fita. Na tsaya shan kofi a shagon Cak Dulah, abokina tun muna yara, yana hango ni ya ɗaga murya.

"A ba da hanya, ga uban darakta! Cak Sarkawi, ni yaushe za a ɗauke ni? Ina da sabon haƙori."

"In an tashi fim ɗin birai zan ba da sunanka."

Ya yi dariya, sannan ya sunkuyo yana goge tebur. "Yu Parti ta ce a sahun gaba za ta zauna. Ta ce da ruwan shanta za ta zo, don kada maƙogwaronta ya bushe."

Kofin nan ban iya shanye shi ba.

Washegari na sa rigata ta Juma'a, na sayi sukari da garin kofi, na tafi gaida Bu Nyai. Tun rasuwar mijinta ita ke riƙe da makarantar kwana ta 'yan mata da ke bayan masallaci, kuma duk garin babu wanda ke wuce ta bai rusuna ba. Dabarata mai sauƙi ce: in ta ce ba za ta je ba, taro ya watse, kowa ya huta.

Na zauna a ƙasa a bakin tabarma, kaina sunkuye. Aka ajiye mini shayi, ban taɓa ba sai da ta ce in sha. Ta tambayi matata, ta tambayi ciwon gwiwata, ta tambayi ko har yanzu ina cika barkono a romo. Mutum ba ya zuwa gaban irinta ya ce ga abin da nake so ki yi. Sai na yi ta kewaye. Na ce rumfar taba akwai ƙura, tsofaffi kan yi tari. Na ce yaran yanzu ba su san inda ake tsayawa da tambaya ba.

Ta bar ni na gama tsaf, tana jan carbi.

"Kana tsoron Parti," ta ce.

Na ɗauki kofin shayin, na sake ajiyewa.

"Ni ma ina tsoronta wani lokaci. Shanye shayinka, Sarkawi. Zan je."

Ranar taron mutane suka cika rumfar, har da waɗanda ba su taɓa haihuwa ba. Warin busasshen ganye ya cika wurin. Muna ta rataya farin zanen gado tsakanin gora biyu. Ta jera kujerun roba a gaba don mai gari da manyan baƙi, ta kafa wani ɗan dandamali na katako da kujeru biyu a kai, ɗaya tata ɗaya ta Bu Nyai, kafaɗa da kafaɗa. Wa ke zama daidai da Bu Nyai? Na je na raɗa mata, ta ce, "Pak, haka ake hira, kyamara ba ta son ɗaya a sama ɗaya a ƙasa." Mata suna kan tabarmi a gefe, Yu Parti a gabansu, laimarta a cinya, gorar ruwanta a kusa.

Bu Nyai ta shigo tana dogara sanda. Aka yi ta sumbatar hannunta. Muna ta nuna mata dandamali. Ta dube shi, ta dubi kujerun, sai ta wuce su kamar ba ta gani ba, ta je ta zauna a tabarma, gwiwarta na taɓa ta Yu Parti.

"Matsa mini, Parti, kin cinye wurin."

Abin da ya biyo baya ba zan manta da shi ba. Mai gari yana kan kujera da ƙafa ɗaya kan ɗaya, sai ya ga kansa ya fi na Bu Nyai tsawo. Ya zame ƙasa kamar an ja shi. Sakataren gari ya bi shi, sai malamai, sai jami'in lafiya da ya zo da farin wando. Kafin a ce me, kujerun nan duk babu kowa, manyan gari suna zaune a turɓaya cikin karmamin taba suna neman inda za su sa ƙafafu. Muna ta tsaya ita kaɗai a kan dandamali. Sai ta sauko, ta rage ƙafafun ƙarfen kyamarar har ya dawo tsawon yaro, ta durƙusa a gaban matan.

Aka kunna fim. Ba ta sa kiɗa ba, ba ta yi magana a ciki ba. Gada ce da safe, leda na faɗawa ruwa, wata na biye da ita. Sai ƙarƙashin gadar, inda ledojin suka taru a jikin gora kamar 'ya'yan itace. Sai wani mai kamun kifi yana zare audugar kunzugu daga tarunsa. Sai bututun da ke jan ruwa daga kogin, kyamara ta bi shi a hankali ta cikin gonaki, har ya fito a famfunan alwala na masallacinmu, wani tsoho yana kurkure baki. Wani a baya ya ce, "Innalillahi."

Koriyar laima ta fito. Sai wata yarinya ta ƙyalƙyale da dariya aka toshe mata baki. Ni ina tsaye jikin gora, ina ji kamar in nutse.

Da aka gama, Yu Parti ta buɗe gorarta ta kurɓi ruwa. Ta fara yunƙurin tashi. Amma Bu Nyai na zaune, kuma ta ɗora hannu a kan gwiwarta kamar mai neman abin dogarawa. Yu Parti ba ta da yadda za ta yi ta tsaya a kan Bu Nyai tana faɗa. Dole ta yi maganarta daga zaune, kuma faɗa daga zaune ba ya tashi sosai.

"Bu Nyai, a gafarce ni. Yaron nan amana ne a hannuna. In na ƙona, gindinsa ya kwaile, me zan ce wa uwarsa? 'Yar Sarkawi ce za ta zo ta yi jinya da kyamararta?"

"Ba ita ba ce," in ji Bu Nyai. "Tambayi abin da za ki tambaya, Nduk."

Muna ta gyara durƙuso ta ce, "Bu Nyai, abin da aka gani, zunubi ne?"

Na rufe ido. Wannan ita ce tambayar da na guda.

"Kina so in ce zunubi ne, su tafi gida da kunya, gobe su jefa kafin gari ya waye yadda ba za ki gani ba?" Aka ɗan yi dariya. "Ni shekara da shekaru ina wa'azin tsafta kowace Talata. Suna gyaɗa kai, rabinsu barci suke. Parti ma har minshari. Marigayi mijina ya hana ɗalibai kallon fim, ni ma na taya shi hanawa. Yau na ga ruwan da nake alwala da shi, ban taɓa bin bututun nan da idona ba sai da kika bi da ni. To wa ya yi wa wani wa'azi?"

"Amma maganar ƙurajen, gaskiya ce ko..."

Jami'in lafiya ya buɗe baki, Bu Nyai ta ɗaga masa yatsa ɗaya ya rufe.

"Wannan ku yi da shi wata rana, ya san aikinsa. Ni abin da na sani, matar da ta fito da sanyin safiya da ciwon ƙafa don kada jikanta ya yi kuka, ba muguwa ba ce. Tsoro take ji. Wanda ke gaba kuma ba ya ce wa mai tsoro daina ji, sai dai ya karɓi kayan ya riƙe." Ta juya ga matan. "Wuta kuke tsoro, ko ba haka ba? To ba wuta, ba kogi. Gobe za a ajiye ganga mai murfi a ƙofar gidana. Ku kawo can. Na ɗauki alkawari a gaban Allah babu wanda zai kusance ta da ashana. In yaro ya yi ƙurji, ku zo ku kama ni."

"A ƙofarki, Bu Nyai?" in ji Yu Parti. "Da warin?"

"Na raini 'yan mata ɗaruruwa, wane wari ne ban sani ba? Inda za a kai su daga nan, wannan aikin mai gari ne. Ga shi nan zaune, ya ji." Mai gari ya ce ya ji, yana kakkaɓe ganye daga wandonsa. "Ke kuma, Nduk, kin san mutane a birni da suka san yadda ake yi da irin wannan. Nemo su."

Hirar ta yi tsawo bayan haka, har mata suka riƙa jefa tambaya da kansu. Amma Yu Parti ba ta ƙara cewa uffan ba, kuma da aka tashi ta wuce Muna ba ta dube ta ba. Wannan shirun ya fi mini faɗa ciwo. Na koma gida ban san ko an tsira ba.

Bayan kwana biyu ina tura amalanke ta gaban makarantar, na ga shuɗiyar ganga a ƙofa, har an fara cika ta. Ban yi nisa ba na ji an ƙwala mini kira.

"Kai, Sarkawi! Tsaya nan!"

Koriyar laima ce ke tahowa, jikan a goye. Na tsaya, ludayi a hannuna.

"Zuba mini, kada ka cika barkono." Ta karɓi kwanon, ta kurɓi romo, tana harara ta. "'Yarka ba ta da tarbiyya."

"A yi haƙuri, Yu. Yarinya ce."

"Ta ɗauko ni ta baya kamar ɓarauniyar kaza. Da tsohon zane! Duk garin nan sun ga ɗingishina, ba wanda ya ga fuskata. Direban mota ma an zaunar da shi an tambaye shi, ni da na fara kai leda gangar nan tun ba a gama kafa ta ba, ba za a tambaye ni ba?" Ta tauna curin nama. "Ka ce mata ta zo gidana ranar Lahadi da ƙarfenta mai ƙafa uku. Zan tara matan adashi. Akwai na ƙetaren gada da har yanzu suke jefawa, ni na san yadda zan yi da su."

"Zan faɗa mata, Yu."

"Kuma ta zo da yunwa. Ta rame a birnin nan, kai kuma kana nan kana ciyar da mutanen gari."

Ta miƙo mini kwanon, ta gyara goyonta, ta tafi tana ɗingishi. Na bar amalanken a gefen hanya, a buɗe, na nufi gida da sauri in gaya wa Muna. Sai da na kai shagon Cak Dulah ya leƙo yana tambayar ko gobara ake yi, sannan na lura ludayin yana hannuna.