Tayoyin Bayan Shago

Mai faci bai kalli bidiyon ba. Datarsa ta kusa ƙarewa, kuma tunda babbar 'yarsa ce ta turo, wadda take aikin sa-kai a asibitin unguwa, ya san ba zai wuce maganar zazzaɓin cizon sauro ba. Ya tura shi guruf ɗin unguwa, ya ƙara nasa a ƙasa: "Jama'a, a ji tsoron Allah. Ƙazantar wasu ce take kwantar mana da yara." Autarsa ma tana gida kwance da zazzaɓin.

Bai gama facin farko ba sai ga maƙwabcinsa mai walda, da waya a hannu.

"Malam mai wa'azi! Ashe har fim kake fitowa?"

"Wane irin fim kuma?"

"Zo ka ga butarka. Ta fi ka kyau a hoto."

Ya karɓa ya duba. Tsofaffin tayoyi ne jibge a jikin katanga, ruwan sama kwance a cikinsu, 'ya'yan sauro suna ta wutsil-wutsil. Muryar 'yarsa tana bayani a hankali. Ba ta ambaci sunan kowa ba, ba ta nuna ƙofar shagon ba. Amma can a gefe ga shuɗiyar butarsa, wadda ya ɗaure mariƙinta da guntun roba. Duk layin an san butar nan.

Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Shi ya tara tayoyin, wai ko wata rana a sami mai saye. Kuma a gindinsu autar take zama da yamma tana aikin makaranta, tana jiransa ya rufe shago.

Ya kira babbar 'yar a waya. "Me ya hana ki faɗa mini?"

"Baba, na faɗa. Cewa ka yi in bar maka kayanka. Wallahi ban lura da butar ba. Ka yi haƙuri."

Haƙurin da ta ba shi ya fi komai ciwo.

Mai walda ya daina dariya. "Goge saƙon kawai. Gobe an manta."

Mai faci ya buɗe guruf ɗin, yatsansa a kan wurin gogewa. Masu dariya sun yi yawa. Amma a ƙasansu matar tela, wadda ba ta gane butar ba, ta rubuta: "Gaskiya ka faɗa, Malam. Nawa ma yana asibiti. Ko waye mai wurin nan, Allah ya shirye shi."

Ya daɗe yana kallon rubutun. Bai goge ba. A ƙasan nata ya rubuta, "Amin. Tayoyina ne." Ya kifa wayar a kan benci, ya naɗe hannun riga, ya zaga bayan shago.

Mai walda ya biyo shi, ya kama ɗaya gefen tayar farko.

"Tsaya," ya ce. "Fara ɗauke butar nan. Kunyar da ta sha yau ta isa."