Inuwar Bahago

Ni tun farko ban so mu je shagon littattafan nan sa wa masu saye hannu ba. Na ce wa Yaya littafi in ya fita ai ya fita ke nan, meye na zuwa a zauna a bayan tebur kamar masu sayar da tikiti? Ya ce, "Auta, mutane suna jiranmu, kuma Mai Shago ya riga ya liƙa takarda a ƙofa." Ya ɗauko rigarsa mai aljihu biyu, ya shiga fama da maɓallin wuya. Na kau da kai, don ya tsani a gan shi cikin wannan faman.

Yaya ne mai zane, ni ce mai tawada, haka muke tun ina budurwa. Shi zai raba shafi gida-gida da rula, ya cika gidajen da mutane da tituna da fensir, ya turo mini ta kan dogon teburinmu. Ni kuma in bi layinsa da baƙar tawada, in ta bushe in sa roba in goge fensirin tas, in kai maɗaba'a. Sunansa na bango da manyan haruffa, nawa na ciki can ƙasa, kuma wallahi abin bai taɓa damuna ba. Yana da wata ɗabi'a: shafin da ya bar hannunsa ba ya sake kallonsa. Ko an buga littafin an kawo, bangon kawai zai shafa ya ajiye. Wai in ya buɗe ba abin da zai gani sai kunnen da ya karkace da ƙafar da ta yi tsawo.

Muna gama tsohon labarinmu, Mai Gadin Gada, hannunsa ya fara rawa. Likita ya ba shi ƙwayoyi, ya ce abin zai riƙa lafawa amma ba zai tafi ba. Yaya ya ce likita bai san hannun mai zane ba, da fensir ya taɓa takarda yake natsuwa. A haka ya fara Motar Ƙarshe, labarin wata direbar bas a garin da tituna ke ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, tana kwashe mutane kafin unguwarsu ta shafe. Labarin ya yi kyau har ya ba ni haushi, domin shafukan da ke iso ni sai ka ce a cikin mota aka zana su a hanya mai ramuka. Yakan turo ya ce, "Ɗan kama mini nan, Auta," kamar ƙaramin abu. Na fara da kama layi, na koma gyara ido da hanci. Kafin in ankara, inda ya so mutum ya tsaya kawai nake dubawa, in zana nawa a kai, in goge nasa.

Tsorona ɗaya ne, ranar da zai gane. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa kowa ya kama gabansa, ba abin da ke tashe shi da safe sai teburin nan.

Shagon siriri ne, tsakanin tela da mai gyaran waya, kullum yana warin takarda da ƙura. Mun tarar ya cika har bakin ƙofa. Mai Shago ya ajiye mana kujeru biyu a ƙarƙashin fanka, ya jera fitowar farko a gabanmu. Ga wasu 'yan biyu, 'yan mata ɗalibai da ba sa wuce duk abin da Yaya ya fitar, sun tasa wani da ake kira Dogo a gaba da musu. Dogo ma'aikacin banki ne, ya sassauta ɗamarar wuyansa yana kaɗa littafin a iska.

"Direbar nan ta mutu tuntuni," in ji ɗaya daga 'yan biyun. "Ka duba, ba wanda ya taɓa hannunta a duk littafin."

Dogo ya ce, "Haba dai. Wa ke taɓa hannun direba? Ke kina taɓawa?"

"To me ya sa madubin motar ba ya nuna ta?"

Dogo ya buɗe shafin ya duba, ya yi tsaki, ya ce shi dai har yanzu Mai Gadin Gada ya fi masa, can akwai dambe, nan kuwa mutane ne kawai a zaune a mota suna jimami. 'Yan biyun suka ce ai shi ya sa bai yi aure ba har yau. Aka yi dariya. Yaya ma ya yi, har yana share ido, suna tambayarsa ko ta mutu yana cewa su jira fitowa ta biyu. Rabon da in ga haƙoransa haka na manta. Sa hannu kawai yake yi, kuma sa hannunsa dama can tafiyar tsutsa ce, ba wanda zai ga bambanci. Na fara cewa a raina ashe za mu wanye lafiya.

Sai ga Malam Leda ya shigo. Tsohon mai haɗa magunguna ne, kuma sunan ya samo shi ne don ba littafin da ke kwana a gidansa ba a cikin leda ba. Biyu yake saye, ɗaya na karatu, ɗaya na rufewa. Duk abin da Yaya ya taɓa zanawa yana da shi, har tallan sabulu. Mutumin kirki ne, ba zan ce ba, amma in ya fara magana sai ka nemi wurin zama. Ya gaisa da Yaya hannu bibbiyu, ya ce mini, "Sannu da aiki, ƙanwarmu," sannan ya zaro gilashin ƙara girma daga aljihu.

"Ku yara kuna ta musun ta mutu ba ta mutu ba, babban abin da ke littafin nan ba ku gani ba."

Ya fito da tsohon Mai Gadin Gada daga ledarsa a hankali kamar mai ɗaukar jariri, ya shimfiɗa shi kusa da sabon. Ya ce kowa ya matso ya dubi inuwa, wato zara-zaran layukan nan da ake jerawa a ƙarƙashin haɓa ko a gefen bango don wuri ya yi duhu.

"Mai zanenmu bahago ne, kowa ya sani. Inuwar bahago daga hagu take gangarowa zuwa dama. Ga ta nan a tsohon, kowane shafi. Yanzu ku dubi sabon. Daga dama take gangarowa, tun daga bango har shafin ƙarshe." Ya ɗago yana murmushi, idonsa har da ƙwalla. "A wannan shekarun naka ka koya wa kanka zane da dama? Ni dai na sara maka. Kuma layin bai taɓa tsayawa cak haka ba."

Da ina bin fensirinsa, inuwarsa nake bi yadda ya kwantar da ita. Da na koma zana nawa, hannuna ya yi abin da ya saba, ni ko a jikina. Na kwaikwayi idanun mutanensa, na kwaikwayi yadda yake lanƙwasa yatsu da yadda yake karya gwiwar wando, na manta da inuwa. Na ji kamar in fizge gilashin nan in jefa shi titi.

Na ce, "Malam Leda, maɗaba'a ce wani lokaci take juya..."

"A'a, da an juya shafi ai da sitiyari ya koma ɗaya gefen."

Yaya ya miƙa hannu, Malam Leda ya ɗora masa gilashin. A gaban jama'a ya buɗe littafinsa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Gilashin na rawa a kan takardar, sai ya tallafe shi da ɗaya hannun. Ya dubi fuskar direbar, ya juya shafi, ya dubi layin fasinjoji a tasha, ya sake juyawa. 'Yan biyun suna kallonsa da sha'awa, su a zatonsu yabon ne ya kama shi.

Ya rufe littafin ya mayar da gilashin. "Idonka da kyau, Malam," ya ce. "Hannun dama ne."

Malam Leda ya waiwaya yana kallon mutane, ya ji daɗi ba kaɗan ba. Dogo ya ce a tafa wa Yaya, aka tafa. Yaya ya ci gaba da sa hannu har layi ya ƙare, yana tambayar kowa sunansa, yana godiya. Ni ko sau ɗaya bai kalle ni ba.

A bas ɗin komawa gida ya zauna ta taga. Na jira ya yi faɗa, don Yaya in ransa ya ɓaci unguwa takan sani. Na shirya amsoshina kaf: ai labarin naka ne, ai kai ka tsara kowane gida, ai tawada dama gyara ce. Bai ba ni inda zan sa su ba. Da muka kusa sauka ya ce, yana kallon waje, "Tashar nan ta shafi na tara ta yi kyau."

Washegari na zo aiki na tarar ya riga ni zama, kamar kullum, shayinsa a gefe da murfi a kai. Raina ya ɗan yi sanyi. Na wanke alƙalumana, na girgiza kwalbar tawada, na jira. Can ya turo shafi ta kan tebur.

Gidaje ne ya raba da rula, tsaf, ba komai a cikinsu. A saman kowanne ya rubuta abin da zai faru da ƙananan haruffa masu karkarwa: direba ta waiwaya, titi babu, tsohuwa ta ƙi hawa.

"Yaya, ba ka zana ba."

"Na hutar da ke goge-goge."

"Don Allah kar ka yi mini haka. Ko yaya ne ka sa layin, ni shi nake bi."

"Na gani jiya," ya ce, ba da faɗa ba. Da ma faɗan ya yi.

Ya ɗauki gwangwanin fensiransa, wanda ko matarsa ba ta isa ta taɓa ba, ya zagayo ya ajiye shi a gefena kusa da kwalbar tawada. Ya ce in faɗa wa maɗaba'a su gyara sunayen da ke bango kafin fitowa ta biyu. Sannan ya ɗauki shayinsa da hannu biyu ya fita baranda, na ji ya ja kujera.

Na zauna da alƙalami a hannu ina kallon gidan farko. Duk rawar da layinsa ke yi, shi ke gaya mini inda direba za ta tsaya da inda za ta kalla, kuma ni tunda nake ban taɓa sa tawada a farar takarda ba. Ina nan zaune har tawadar ta bushe a bakin alƙalamin, na tashi na je wanke shi.