Ɗakin Mai Gambara

Tela tana tsaye a bakin ƙofar ɗakin, mabuɗi a hannu, ta ƙi matsawa. Mai kamfanin waƙa ya zo da mutum biyu, ɗaya da kyamara a kafaɗa, ɗaya riƙe da furannin da ko ledar shago ba a cire musu ba.

"Mama, minti biyar kawai," in ji mai kamfanin. "Mu ɗauki hoton ɗakin, mu tafi da littattafan da yake rubuta waƙa. Ai ɗanmu ne."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Ɗanku? Yaushe kuka haife shi?"

Jiya aka binne Mai Gambara, maƙwabcinta na shekara shida. Daga wata ƙasa mai nisa ya zo gidan hayar nan, da jaka ɗaya da irin maganar da mutanen gida ke kwaikwaya suna dariya. Da rana yana wanke tukwane a bayan wani otal. Da yamma ya dawo hannuwansa sun yi fari fat da sabulu, ya zauna bisa katifa yana zuba baiti cikin wata tsohuwar makirfo. Da farko ta sha buga masa bango tana cewa wannan surutu ne, ba waƙa ba. Wata rana ya leƙo yana murmushi.

"Inna, ƙarar kekenki nake bi. Idan kika daina ɗinki, ni ma na rasa kiɗa."

Daga nan ita ce ta koma mai gyara masa kalmomin da harshensa ya karya.

Sau huɗu yana kai waƙoƙinsa kamfanin nan. Aka ce ya gyara bakinsa tukuna, ya daina zancen takardar zama da dogon layin ofishin baƙi, wai mutane ba sa son jin kuka. Sau ɗaya tak suka hau da shi dandali, tun kafin jama'a su taru, yana waƙa masu jera kujeru suna ta aikinsu. Duk da haka ya dawo yana murna kamar wanda aka naɗa sarauta.

Da ƙodarsa ta lalace, ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Tela ta kira mai kamfanin har yatsanta ya gaji, bai ɗauka ba. Ita ta kai shi asibiti, ita ta yi jinya. Ya cika ranar Talata da hantsi. Kafin la'asar rediyo ta fara sa waƙar da aka ce ba ta shiga kunne, mai gabatarwa yana ta jimamin babban rashi, ko sunansa bai iya faɗa daidai ba.

"Ya kamata duniya ta ji shi," in ji mai kamfanin, yana tausasa murya.

"Shekara shida yana nan da ransa da bakinsa. Wa ya toshe wa duniyar kunne?" in ji Tela. "Littattafan na mahaifiyarsa ne. Haka ya ce, da kunnena na ji. Ka kwashe furenka ka tafi."

Mai kyamara ne ya fara sauke kayansa ya juya. Sauran suka bi shi.

Ta koma ɗakinta ta kira lambar mahaifiyarsa da Mai Gambara ya rubuta mata. Wata tsohuwa ta ɗauka, labari ya riga ya kai mata. Ba ta tambayi waƙa ba.

"Baiwar Allah, akwai wani kusa da shi lokacin?"

"Ina riƙe da hannunsa, Yaya."

Tela ta zauna a bakin gado, waya manne a kunne, kowacce tana jin numfashin 'yar'uwarta, babu wadda ta kashe.