Tirelar Baba a Cikin Kwamfutata

Ni zanen gidaje nake yi. Mutum zai zo da filinsa da burinsa, in zana masa gidan a kwamfuta har ya ga ta inda rana za ta leƙo falonsa tun ba a aza bulo ko ɗaya ba. Tsohuwar kwamfutata ta gaji da wannan aiki. In na ce ta fitar da hoton gida mai bene, sai in je in yi wanka, in shirya, in dawo in tarar tana nan tana tunani.

Da na je sayen sabuwa, mai shagon ya ce irin aikina sai kwamfutar 'yan gem, wato masu wasan kwamfuta, don irin tasu ce ke da ƙarfin sarrafa hoto. Ya ɗauko wata baƙa mai kauri ya ajiye a gabana.

"Wannan tsaka-tsaki ce," in ji shi. "Ba ita ce sarauniyarsu ba, amma ba za ta ba ki kunya ba. Jikinta roba ne, fuskarta tas, hoto ba ya rawa. Abu biyu kawai zan gaya miki tun yanzu, kar ki dawo ki ce na ɓoye: batirinta ba ya wuce awa biyu in ana aiki mai nauyi, kuma fankarta akwai surutu."

Gaskiya ya faɗa. Cajarta kaɗai ta kai rabin bulo nauyi. Madannanta kuwa suna ta canza launi, ja, kore, shuɗi, har Umma ta leƙo ɗakina ta ce, "Wannan ta aiki ce ko ta rawa?" Amma hoton da tsohuwar ke kwashe minti arba'in tana yi, wannan kafin shayina ya huce ta gama.

A lokacin Baba ya yi wata takwas da ajiye tuƙi. Shekara talatin da huɗu yana jan tirela, gwiwarsa ta dama ta ce ta gaji. Zaman gida bai karɓe shi ba ko kaɗan. Ya gyara famfon da bai lalace ba, ya sauya wa kujerun falo wuri sau uku, kuma duk maƙwabcin da ya zo ajiye mota sai ya fita yana masa "zo, zo, karya hagu" ko ba a tambaye shi ba.

Wata Asabar da rana na buɗe wani gem da mai shagon ya saka mini don gwaji, na tuƙin manyan motoci. Ina cikin shiga wata kwana sai na ji murya a bayana.

"Injiniya, wa ya koya miki shiga kwana haka? Kin manta akwai bodi a bayanki? Ai kin kwashe turken fitilar mutane."

"Baba, wasa ne fa."

"Ko a wasa ba a yin haka. Tashi."

Na tashi. Na nuna masa madannin totur da na birki da na hon. Yatsunsa manya ne, in ya danna ɗaya sai biyu su shiga, don haka minti goma na farko ya faɗa rami sau biyu. Ya yi tsaki ya gyara zama. Bayan rabin awa sai ga shi yana yin ribas da doguwar tirela cikin wani matsattsen wurin sauke kaya, idonsa a kan madubin gefe, harshensa a tsakanin haƙora. Ta shiga daidai, ko gogar bango ba ta yi ba. Ya juyo ya dube ni.

"Kin gani? A dawo da ni gobe."

Muka yi yarjejeniya: da safe tawa ce, in na tafi wurin gini da rana tasa ce. Umma ta fi kowa murna, ta ce kujerunta sun samu lafiya.

Kwana biyar da fara haka, ina kan bene ana zuba kankare, wayata ta yi ƙara.

"Injiniya, motar nan ta yi zafi."

"Wace mota, Baba?"

"Ta cikin akwatin nan mana. Ina hawa tudu sai ta fara shaƙewa, hoton yana tsalle-tsalle, fankar tana ihu kamar za ta tashi sama. Na bugi wata ƙaramar mota a banza, ba laifina ba."

Duk aikina fa yana cikin kwamfutar nan. Na ce ya kashe ta ya bar ta, gobe zan mayar wa mai shago.

Da na dawo da yamma na tarar da shi a teburin cin abinci, ya kifa kwamfutar yana duba cikinta da tocila.

"Ba sai kin kai ta ko'ina ba," ya ce. "Zo ki gani. Nan ƙasa take shaƙar iska, ta fitar ta baya da gefe. Ni kuma saboda gwiwata a kan filo na ɗora ta a cinyata. Na toshe mata hanci kenan. Ko lagireton mota kika rufe da bargo, abin da zai yi kenan."

Har ya riga ya yanko katako biyu daga wata tsohuwar kanta, ya goge su, ya haɗa su da ƙusa, ya yi mata ɗan gado mai tudu ta baya, ƙasan a buɗe. Muka ɗora ta muka kunna. Ihun ya ragu, amma a tudu hoton yana ɗan cijewa har yanzu. Na shiga wurin saiti sai na ga kowane abu an kai shi ƙarshe: inuwa, ruwan sama, ganyen bishiya, har ƙyallin kwalta.

"Baba, kai ka taɓa nan?"

Ya sosa ƙeya. "Na ga an rubuta mafi kyau, na ce me zai sa in zaɓi mara kyau?"

Na bayyana masa cewa wannan saitin na manyan kwamfutoci ne, tamu matsakaiciya ce. Na sauke inuwar da ganyen zuwa tsakiya. Nan take hanya ta miƙe sumul.

"Au, lodi na yi mata fiye da ƙima," ya ce. "To ai da kin ce mini 'yar tan goma sha biyar ce. Ni da ban taɓa yi wa mota haka ba."

Sati biyu bayan nan ina da ganawa da wata likita da nake zana wa ƙaramin asibiti. Na isa ofishinta, na jona caja, na buɗe kwamfutar da natsuwa irin ta manyan ma'aikata. Ashe Baba bai rufe gem ɗinsa ba jiya, tsayar da shi kawai ya yi. Hannuna na taɓa madannai sai hon ɗin tirela ya cika ofishin, har wata nas ta leƙo a guje.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Likita kuwa dariya ta yi har da hawaye. Dole na ba ta labarin Baba. Da muka koma kan zanen, tana zagaya harabar asibitin a allo, sai ta tsaya.

"Tunda kina da direba a gida, tambayar mini shi. Tankar ruwa za ta riƙa shigowa nan duk mako. Za ta iya juyawa?"

Na ce lissafina ya nuna za ta iya. Ta ce duk da haka a tambaye shi.

Da yamma na nuna wa Baba. Ya sa tabarau, ya sa na juya masa hoton ta sama, ya bi hanyar da yatsa daga ƙofa zuwa tankin ruwan asibitin.

"Shiga za ta shiga. Fita ce ba za ta yi ba, sai ta ci kusurwar ɗakin maigadi. Direba ba ya juyawa a kan layin da kika zana, sai ya buɗa tukuna. Matsar da ƙofar taku huɗu zuwa dama."

Na sake aunawa da tsawon tanka ta gaske. Baba ne da gaskiya.

Likita ta ce lallai a zo da shi ranar da za a kafa turakun ƙofa. Ya sa rigarsa mai aljihu biyu, Umma ta fesa masa turare, ya shiga gaban motata yana gaya mini inda zan sa sigina. A filin ya auna da ƙafarsa, ya sa magina suka matsar da igiya, kowa na ce masa "to, Baba". Da aka gama, Likita ta matso kusa da shi.

"Baba, maigidana ma ya yi ritaya, ya hana kowa sakat a gida. Wannan kwamfutar, ka ba ni shawara in saya masa?"

Baba ya gyara tsayuwa. "Ki saya. Tana da ja, ba ta da gardama, in dai ba a yi mata lodin banza ba. Kar ya ɗora ta a filo, kar ya yi nisa da soket. Ƙarar fanka kuma kar ta dame shi, injin da ke aiki dole a ji shi. Me yake yi kafin ya ajiye?"

"Malamin lissafi ne."

"Bai taɓa jan babbar mota ba?"

"Ko ƙaramar ma ni nake masa ribas."

"To ki turo mini shi ranar Talata bayan azahar," in ji Baba. "Da fili za mu fara, ba zan sa shi a titi ba tukuna."