Hujin Tiyon Alhaji Mas'udu

Tun da Alhaji Mas'udu ya haƙa bohol mai sola a gonarsa ta fadamar Garbadu, ruwa ya ƙaurace wa rijiyar maƙwabcinsa Jatau. Ɗan injin ban-ruwan Jatau sai tari yake yi yana tofar da laka. Ya haƙa rami ya zura injin ciki don ya kusanci ruwan, ya ƙara haƙawa, har ramin ya shanye shi da hularsa. A banza. Ga albasa fangali goma sha biyu, saura sati uku a cire, ganye ya fara kwanciya. Ita ce kuwa abincin gidansa har damina.

Ana nan sai tiyon Alhaji ya huje, daidai inda ya bi ta kan iyaka. Huji ne ɗan mitsitsi, amma yini yake yana tsartuwa. Jatau fa bai saci komai ba, a'a. Fartanya kawai ya sa ya nuna wa ruwan hanya. Cikin kwana biyar fangali huɗu suka miƙe. Har waƙa aka ji yana yi, mutumin da ko ranar aurensa bai yi ba.

Ran Laraba da hantsi Alhaji ya zo duba gona. Aka gaisa, gida, iyali, gajiya, har jakin Jatau da ya mutu bara sai da aka yi jajensa. Sannan idon Alhaji ya sauka kan damshin.

"Subhanallahi! Malam Jatau, ruwana na ta ɓarna cikin gonarka ba ka hwaɗa mini ba? Haƙƙin maƙwabtaka hwa! Ka yahe mini."

"Ba komi, Alhaji," in ji Jatau.

"A'a, da komi. Yanzun ga za a gyara shi."

Alhaji ya ɗauko robar ɗauri a mota. Da babbar riga yake, tsuguno ba nasa ba ne, sai ya miƙa wa Jatau. Jatau ya karɓa. Ya tsuguna, baƙin ciki kamar ya kashe shi. Ya yi niyyar ɗaurawa sako-sako, amma Alhaji na tsaye a kansa yana sa albarka, hannun nan kuma shekara talatin bai taɓa yin aikin ha'inci ba. Ya ɗaure tamau, ko ɗigo.

"Madalla," in ji Alhaji. "Yanzu albasarka ta huta."