Dakan Buraima

Tun kafin silima ta zo Matameye, mutanen unguwar marina sun san wanda ke daka a gidan Buraima. Ba wanda ya leƙa, kunne ne ya gaya musu. Mace in tana daka, taɓarya na tashi sama ta dawo da numfashi a tsakani. Wannan kuwa bugu ne bibbiyu, gajeru, masu nauyi, irin wanda ake ji a mabuga in ana fito da ƙyallin baƙin rawani. Tun yana saurayi Buraima ke bugun tufafi, hannunsa bai san wani kiɗa ba.

Damina biyu ke nan da aka kwashe shi aikin dole na gyaran hanyar Damagaram, inda gungumen giginya ya suɓuce wa mutum shida ya sauka a bayansa. A kan jaki aka dawo da shi, ƙafafu sun mutu tun daga ƙugu. Sandar bugu tana son ƙugu, don haka mabuga ta sa wani a gurbinsa. Matarsa Lalla ba ta yi shawara da kowa ba. Ta haƙa rami a gindin katanga ta binne turmi har rabi, ta kai taɓarya wurin masassaƙi aka rage mata tsawo, ta jingina mijinta da bango. Ita kuma ta saɓa hauya ta tafi gona. Shi ke daka, shi ke tankaɗe, shi ke tuƙa tuwo a murhun da ta matso masa da shi. Maƙwabta sun ji sun yi shiru, domin abin da ba a furta ba bai gama zama abin kunya ba.

Da kakar gyaɗa wani Nasara mai sayen gyaɗa, wanda ake kira Mai Lofe, ya zo da akwatin silima a bayan kamyo, babbar motar kaya. Dabararsa ita ce duk wanda ya kawo gyaɗa ma'auninsa, bai tsallaka da ita Daura ya sayar ba, zai shiga kallo. Ba ya jiran duhu. Da la'asar ake rufe ƙofofin mangazar gyaɗa, a toshe tagogi da buhuna, a rataya farin ƙyalle. Mutanen cikin hoton bakinsu na motsi amma ba a jin komai, sai tafintansa Lawwali, wanda ɗan gari ne, ya tsaya a gefe yana sa musu magana yadda ya ga dama.

Ranar da Lalla ta kai nata buhunan ta shiga ta zauna can baya cikin mata. A ƙyallen aka ga wani Nasara mai gashin baki yana faɗa da matarsa a kan abinci. Wata tsohuwa ta zo ta ba su wani abu a ƙoƙo ɗaya suka sha, suka kwanta. Da suka farka, ran mijin ya koma jikin matar, na matar ya koma jikin mijin. Ga ƙaton mutum yana rangwaɗa yana gyara gashi, ga mace tana lalubar leɓenta tana neman gashin baki. Aka nuna ta a gaban murhu ta kifar da tukunya, hayaƙi ya turnuƙe.

Mutane na dariya, amma Lawwali ya ga ba ta kai yadda yake so ba.

"Jama'a, ba ku gane su ba?" ya ce. "Wannan mai gashin baki ai Lalla ce, za ta gona! Waccan ta gaban murhu kuwa... Buraima, ƴar uwa, a rage wuta, tuwo zai kama!"

Mangaza ta kece. Wani daga gaba ya shiga dukan buhu da tafin hannu, bibbiyu, gajeru, irin dakan gidan Buraima, saura suka kama masa.

Lalla ta miƙe. Inuwarta ta hau ƙyallen ta rufe Nasaran da matarsa.

"Lawwali na Mai Lofe!" ta ce. "Kai da ke suɗe kwanon Nasara, ka taɓa ɗanɗana tuwon gidanmu? Bai taɓa kamawa ba. Wannan ta jikin ƙyalle ce ba ta iya ba. Ka ce wa ubangidanka in zai dawo ya zo da wadda ta iya."

"Ta gama da kai, tafinta!" in ji wata tsohuwa. Dariya ta juya kan Lawwali. Wasu na cewa, "Zauna mana, Lalla, kin tare mana!" Ta zauna. Ba ta fita ba sai da ta ga ƙarshen abin.

A gida ta tarar Buraima ya kwashe tuwo ya rufe da faifai. Ta gaya masa duka, ba ta rage ko dukan buhun ba. Ya dubi hannunsa.

"Ƙarshen silimar fa?" ya ce.

"Suka rungumi juna suna kuka, suka farka kowa a fatarsa. Ya tsinko mata fure, ta kawo masa abinci."

"Shi ya sa dariyar ta yi musu daɗi. Sun san za a mayar."

"Kwana uku fa Nasaran ya yi yana ɗaukar ruwa, har da hawaye," in ji Lalla. "Sai da aka yi masa sihiri kafin ya san tulu na da nauyi. Miƙo miya."

Washegari da hantsi yayansa Ummaru ya yi sallama. Ummaru ba mugu ba ne. Shi ya bi hanyar Damagaram kwana biyu a ƙasa ya ɗauko ƙanensa, shi ke riƙe da gandun mahaifinsu, a cikinsa kuma aka yanka gonar da Lalla ke nomawa. Ya ƙi tabarma, ya tsuguna a gaban turmi.

"Jiya a masallaci ban iya ɗaga kai ba," ya ce. "Yau da safe na ji yara na waƙa da sunanka a bakin rijiya."

"Na ji su, Yaya. Muryar ɗanka ma na ciki."

Ummaru bai yi dariya ba. "Ka dawo gidana. Akwai ɗaki, akwai masu dafa maka. Ita kuma ka sallame ta. Ba ta kai talatin ba, ba ta haihu ba, a nan kuma ba za ta haihu ba, kai ma ka sani. Ka bar ta ta auri mai ƙafa." Ya sassauta murya. "Tsakaninka da Allah, Buraima, don alherinta kake riƙe da ita, ko don ba ka da mai juya ka a shimfiɗa?"

Buraima ya jawo taɓarya, Ummaru ya ci gaba.

"Ran Juma'a bayan an sauko zan zo da Malam Inusa ya shaida. In ka ƙi, gona ta koma gandu. Ba zan bar gonar ubanmu ta zama abin waƙa ba."

Barazanar gona ba ta dame shi kamar tambayar ba. Kwana uku yana juya ta a ransa yana daka. Da a ce shi ne ya wayi gari a jikin Lalla, da ƙafafu biyu lafiyayyu da miji rabin mutum, zai dawo gida kowace yamma? Ya so ya ce zai dawo. Amma ya tuna shekarun da yake da ƙafa: bai taɓa tambayar inda itacen girki ke fitowa ba, kuma ya taɓa ture kwano don gishiri ya yi kaɗan. Wancan mutumin ba zai dawo ba, da tun daminar farko ya sake aure. To in shi ba zai iya ba, da wane baki yake karɓar abin da ba zai iya bayarwa ba? Nasaran cikin ƙyalle an ara masa jikin matarsa kwana uku ya mayar. Shi kuwa ƙuruciyar mutum ɗungurungum ya ara, ba ranar mayarwa.

Ran Alhamis da yamma Lalla na zaune tana cire ƙaya daga dugadugi, ya ce, "Gobe zan yi abin da Yaya ya ce."

Ba ta ɗago ba. "Wanne daga ciki?"

"Zan sallame ki."

"Ka tambaye ni?"

"Don ke zan yi."

"Yaya ya zauna ya yanke abin da ya fi mini, kai ma ka zauna ka yanke. Ku maza, ko ƙafa babu sai kun yi wa mutum hukunci." Ta zaro ƙayar ta duba ta, ta yar. "Maigida, da ina son tafiya wa zai kamo ni? Kai?"

Dariya ta kusa ƙwace masa, ya danne.

"Kullum da asuba nake fita," ta ce. "Hanyar Kance na nan, ta Yauri na nan, ba mai tsaro a kansu. Damina biyu ina dawowa da ƙafata. Wannan bai ishe ka amsa ba sai ka nemi ta Yaya?"

"Haihuwa fa?"

"Ita ma ni ya kamata a tambaya. Ina so. Akwai ranar da nake kuka a gona saboda ita, ba zan ɓoye maka ba. Ran da ta fi ƙarfina ni zan zo in faɗa maka da bakina, ba Lawwali zai faɗa maka a mangaza ba." Ta sauke ƙafarta ƙasa. "Kuma ka daina ɗauka tausayinka kawai ke kai ni gona. Ina son ta. Ban taɓa sanin haka ba sai da na ga geron da na shuka ya fi ni tsawo. A gidan mai ƙafa turmi za a miƙo mini."

Ran Juma'a ya ce ta fito da shi zaure. Ta kawo ruwa don ya wanke garin da ya yi masa fari har gwiwar hannu, ya ce ta bar shi. Da aka sauko daga masallaci Ummaru ya shigo da Malam Inusa, limamin unguwa, wasu mutum uku kuma suka tsaya a ƙofa kamar masu wucewa.

Bayan gaisuwa Buraima ya ce, "Allah gafarta Malam, ina da tambaya. A littafi an hana namiji daka?"

Malam Inusa ya gyara zama. "Hani dai babu. Sai dai abin da mutane suka saba..."

"An hana mace noma don ta ci da gidanta?"

"Shi ma babu."

"To mene ne laifin da za a raba aure a kansa?"

"Ba shari'a muka zo yi ba," in ji Ummaru. "Mutunci muka zo nema."

"Yaya, kai ka ɗauko ni daga hanya, ba zan manta ba har kabari. Amma mutuncin da kake so shi ne in kwanta a ɗakinka kamar buhu, a riƙa turo mini kwano. A nan ina da aiki. Hatsin da ake ci a gidan nan ta hannuna yake bi." Ya ɗaga hannayen yadda na ƙofa za su gani. "Tambayar da ka yi mini na rasa amsarta, sai na kai ta wurin mai ita. Ta ce tana nan. Ran da ta ce ta gaji zan aika a kira Malam da kaina. Yau ba na saki."

Ummaru ya miƙe, fuskarsa ta yi nauyi. "To gona ta koma gandu."

Daga bayan zana muryar Lalla ta fito. "Yaya, a yi mini haƙuri in kwashe karana tukuna. Gobe zan je wurin mai gari. Akwai daji a hanyar Dungu da ba mai shi."

"Mace ta sari daji?"

"Sai an gani, Yaya."

Ummaru ya fita bai yi sallama ba. Malam Inusa ya tsaya ya yi addu'a gajeriya, ya bi shi. Na ƙofa suka watse da abin da za su kai kasuwa.

Lalla ta shigo ta durƙusa za ta ɗauke shi, sai ta fasa, ta zauna a gabansa.

"Ni ma ina da tambaya, tunda yau ranar tambaya ce. In Allah ya mayar maka da ƙafafunka gobe, wa zai je gona?"

Ya san amsar da za ta yi daɗin ji. Ya riƙe ta a baki, ya auna ta, ya ga ba gaskiya ba ce.

"Na so in ce ke," ya ce. "Amma na san halina. Zan nemi hauyata."

"Ba zan ba ka ba," in ji ta. "Ka je maƙera a yi maka taka."

Ta juya masa baya ta ce ya kama wuyanta da kyau, ta goya shi zuwa cikin gida. Sannan ta ɗauko gatari daga bayan rumbu, ta zauna a kan dutse ta fara wasawa.