Jajayen Kifin Kyauta

Kyauta matar Maikuɗi ce, wani ɗan kasuwar albasa a Birnin Ƙonni. 'Yan shekaru bayan samun mulkin kai, ƙanenta Alkasum, direban kamyo, babbar motar ɗaukar kaya, ya dawo daga Ikko da wata ƙatuwar kwalba mai faɗin baki, da ƙananan kifi biyar a ciki, jajaye kamar garwashi. Ya ce ba na ci ba ne, na kallo ne.

Kyauta ta ajiye su a ɗakinta, kusa da jeren kwanukanta. Kullum sai ta ɗebo ruwan rijiya, ta bar shi ya huce, sannan ta sauya musu. Tana marmasa musu ɗan garin gero da yatsa. Har suka saba da ita, in ta matso sai su taru wajen bakin kwalba.

Rannan Maikuɗi ya dawo daga Yamai. Ya ce ya ga irinsu a gidan wani Nasara, cikin tabki na siminti a tsakar gida, kowane ya kai damtse.

"Kin tsare su cikin kwalba, yaushe za su girma? Kuma wa ka ganinsu a ɗaki?"

"Ni ka ganinsu, Maigida. Ai ni anka kawo ma."

Ya yi dariya, ita kuwa ta ɗauka magana ta ƙare.

A ƙarshen bazara aka aiko mahaifiyarta ba lafiya a Tsarnawa, ta tafi jinya. Da ta dawo, tun daga zaure ta ji hayaniyar maza. An gina wani ɗan tabki a filin tsakar gida, inda babu inuwa, zurfinsa bai kai gwiwa ba. Abokan Maikuɗi sun kewaye shi, wani na jefa guntun tuwo, wani na tsiyaya ragowar fura. Ruwan ya yi fari-fari. Ta wuce ɗaki, ta tarar da kwalbarta a kife, ta bushe.

Da baƙi suka watse ta same shi.

"Wa ya ba ka izinin taɓa min kaya?"

"Ke, gidana ne hwa."

"Gidanka ne, kihina ne! Uwata na kwance, kai kana nan kana shiga ɗakina. Ka taɓa ruwan nan ka ji? Ya kusa dahwa ƙwai!"

Ya ce ta ba su lokaci su saba, ya hana ta kwashe su, don gobe yana da baƙi daga Malbaza.

Da safe kifi biyu suka taso, ciki sama. Kyauta ta tsamo su a tafin hannunta, ta kai masa har inda yake karyawa. Ya duba, ya ce, "Allah ya yi kwanansu ya ƙare." Ya ci gaba da shan kununsa.

Da hantsi baƙin suka iso, aka shimfiɗa musu tabarma bakin tabki. Ana cikin gaisuwa shamuwa ta sauko daga kan bishiyar gidan, ta tsoma baki, ta ɗauke guda. Kyauta ta fito da muciya a guje.

"Kul!" in ji Maikuɗi. "Ba a bugun shamuwa."

"To, shamuwa na da mai tsaronta, kihina ne ba su da kowa?"

Ta yar da muciyar, ta ɗauko ƙwarya, ta tattare zanenta, ta shiga ruwan a gaban baƙi. Suka sunkuyar da kai. Maikuɗi na kiran sunanta ƙasa-ƙasa, ko waiwaye ba ta yi ba. Ta yi ta lalube cikin ruwan fura har ta kamo biyun da suka rage, ta fito jiƙe sharkaf, ta shige ɗaki ta ja ƙyaure.

Ɗaya bai kai la'asar ba. Ɗayan ya rayu.

Daga baya Maikuɗi ya ce zai sa Alkasum ya kawo wasu. Ta ce in an kawo ya zuba a tabkinsa, ba ruwanta. Bai sa an kawo ba. Da damina ta kankama tabkin ya zama gidan kwaɗi da sauro, har dai ya sa aka cike shi da rairayi. Kyauta kuwa ba ta sake yi masa hira ba sai bayan girbi.